Matar Bayan Shinge

Gadon asibitin ya maƙale a ƙofar gidan Mista Welbourn, rabi a ciki rabi a waje, masu kawo shi su biyu suna ta gardama a kan wanda zai karkata. Ina tsaye a ƙofata da kwandon shara a hannu. Na ajiye kwandon na je na ce musu su cire ƙyauren gaba ɗaya, haka aka yi lokacin da aka kawo na mijina Cyril, ƙofofin layin nan duk magini ɗaya ya yi su. Suka cire, gado ya shige. Ni ma na bi bayansa.

Duk wanda aka kawo wa irin gadon nan falo ba zai sake hawa bene ba. Na san wannan sarai, shi ya sa na shiga.

'Yarsa Imogen ta tare ni a gindin matakala. Daga Landan ta zo, riƙe da jakar magunguna, idonta ya yi ja.

"Misis Tebbutt, Baba ba ya ganin baƙi."

"Ni ba baƙuwa ba ce. Da bakina ya ci abinci, ya biya miki makaranta."

Sai muka ji muryarsa daga falo, ta shaƙe amma tana nan da yangarta irin ta masu magana a rediyo. Ya ce ta bar ni na shigo, in ta hana ni ta taga zan biyo.

Bari na faɗi ko wane ne shi, don wanda bai sani ba. Conrad Welbourn ɗan jarida ne, a kan tattalin arziki yake rubutu. Wata babbar jaridar Landan ta ba shi fili duk ranar Asabar, yana bayyana wa mutane dalilin da ya sa burodi ya yi tsada ko gidaje suka faɗi. Ya rubuta littattafai masu kauri. A wasu shekarun kusan kullum yana talabijin da ɗan kwat ɗinsa mai ruwan toka, yana ɗaga yatsa yana gyara wa ministoci magana. Ya sayi gidan da ke manne da namu ne saboda jirgin ƙasa na zuwa Landan daga garinmu, kuma ya ce yana son ya zauna cikin mutane na gaskiya. Mu ne mutanen na gaskiya. Abu na farko da ya yi da zuwansa, ya dasa shingen itatuwa tsakanin bayan gidansa da namu, irin masu saurin girman nan, har suka wuce tsayin mutum biyu.

Ni kuwa ɗinkin takalmi na sani. Na bar makaranta ban iya komai ba sai rubuta sunana, na shiga masana'antar takalma ta ƙasan gari, inda uwata ta yi aiki. A kan keken ɗinki na girma, kusa da Mavis Coe. Tare muka shiga, tare muke cin abincin rana, ni na riƙe mata furanni ranar aurenta, ita ta wanke ni lokacin da na yi ɓari.

A filin nasa na Asabar akwai wata mata da yake kira Matar Bayan Shinge. In yana son ya faɗi abu da harshen talakawa sai ya sa a bakinta. Matar Bayan Shinge ta ce kaza a kan farashin man shanu, ta ce kaza a kan haraji. Da farko abin dariya ne. Mai sayar da nama yakan ce, "Ga 'yar jarida ta iso." Ban taɓa faɗin ko ɗaya ba. Ni da shi ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana.

Sai shekarar da masu masana'anta suka ce za su rufe. Mu mata muka tare ƙofa, muka hana a fitar da kekunan ɗinki. Lokacin sanyi ne. An hura wuta a cikin durom, ni kuma kullum nakan dafa romon ƙashi da albasa da dankali a babbar tukunyar uwata, Cyril ya tura mini ita a baro har ƙofar masana'anta. Wata Asabar na iso da tukunya, na tarar an liƙa shafin jarida a jikin ƙarfen ƙofa. Ba wadda ta miƙo kofi. Mavis ta ciro takardar ta karanta da ƙarfi, don ta san ni karatu sai a hankali. Wai Matar Bayan Shinge, wadda ita kanta mai ɗinkin takalmi ce, ta ce gara a rufe a huta, takalman waje sun fi araha, kuma ba wanda ya yi kuka ranar da masu ƙera keken doki suka rasa aiki.

Na rantse musu. Na rantse da kabarin uwata. Wata ta ce to bayan shingen nasa mata nawa ne. Na dubi Mavis, ita kuwa wuta take kallo. Na bar tukunyar a nan ƙasa na koma gida.

Masana'anta ta rufe kafin bazara. Daga nan in na shiga shago sai hira ta tsaya. An daina kira na biki. Lokacin da Cyril ya rasu, mutumin da ya yi wa rabin layin nan gyaran famfo kyauta, kujerun coci na baya duk babu kowa. Mavis ba ta zo ba. Muna haɗuwa a tashar bas, ta duba agogonta, ni ma na duba nawa.

Kada a ce ban nemi haƙƙina ba. A ranar da abin ya faru na buga masa ƙofa. Ya yi dariya, ya ce ai ba ni ba ce, salon rubutu ne kawai, kowane mai karatu ya san haka. Na kira jaridar ta waya, wani yaro mai zaƙin murya ya ce tunda ba a ambaci sunana ba, babu abin da za a gyara. Na je ofishin da ake ba talakawa shawarar shari'a, nan ma maganar ɗaya. Shi kuma ya ci gaba da matarsa ta bayan shinge har ya yi ritaya. Mutane suka so ta. Har littafi guda ya yi da sunanta, ya aiko mini da kwafi da sa hannunsa. Duk Kirsimeti sai ya ajiye mini kwalbar giya a ƙofa, ni kuma na cilla masa ita ta saman shingen. Ciyawarsa na da laushi, ba ta taɓa fashewa ba.

To yau ga shi a kujera, bargo a gwiwa, robar iska a hanci, ana haɗa masa gado a gefe. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Littattafai sun cika ko'ina, har a kan matakala. Ya nuna mini kujera, na ce a tsaye na fi jin daɗi.

"Kin zo ki tabbatar da gaske nake tafiya?"

"Na zo karɓar abina kafin ka tafi da shi."

Na gaya masa abin da nake so. Duk ranar Alhamis ana dafa wa tsofaffi abincin rana a zauren coci. Matan masana'anta da suka rage duk a can suke taruwa, tebur ɗaya, kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Ni ban taɓa zuwa ba. Ina so ya je ya faɗa a gabansu, a gaban Mavis, cewa ban faɗi maganar nan ba.

Ya fara irin nasa. Wai ya ɗauka na daɗe da mantawa. Wai Matar Bayan Shinge ta fi duk abin da ya rubuta farin jini, a ƙarshe ma ta fi shi hankali, ya ɗauka girmama ni ya yi. Sannan ya ce, ko ma dai mene ne, ai maganarsa ta tabbata, masana'antar ba ta da hanyar tsira.

"Ban ce ka yi ƙarya a kan masana'anta ba. A kaina ka yi."

Imogen ta ce likita ya hana shi fita, in ina so a rubuta a takarda ya sa hannu. Na ce takarda ce ta jawo mini wannan, ba zan sake yarda da ita ba, kuma rabin matan nan ba sa gani sai da tabarau biyu. Da baki nake so. Ta ce wannan rashin tausayi ne, mutum na kan gadon mutuwa. Na ce nawa mijin ma ya hau irin gadon, a ɗakin da ke bayan bangon nan, ba wanda ya leƙo shi.

Mista Welbourn ya dubi bangon. Can ya tambayi 'yarsa yau wace rana. Ta ce Talata.

"Ina jin zan kai Alhamis," in ji shi. "Amma kada ki dogara da ni. Na sha yin hasashe ya ƙi."

Ya kai. Ni na tura shi a keken guragu, don Imogen ba ta san ramukan titinmu ba, ita ta biyo mu da tulun iska a hannu tana mita. Ya sa an ɗaura masa nakataya a wuya. Ya sa kwat ɗin nan mai ruwan toka, kafaɗun suna rataye. A hanya muka wuce inda masana'antar take, yanzu gidajen haya ne masu ƙananan tagogi, sun bar dogon bututun hayaƙin a tsakiya don ado. Ya ɗaga yatsa zai ce wani abu. Na ƙara sauri.

Zauren na warin kabeji. An riga an raba abinci, niƙaƙƙen nama da dankali. Teburin matan masana'anta, wanda na zaci zan tarar da shi cike, mutum biyar ne kawai a kai. Sauran suna maƙabarta. Wadda ta ce mata nawa ne a bayan shinge ta daɗe da tafiya. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ba ta ma gane 'ya'yanta yanzu, wata kuma kunnenta ya toshe. Mavis na zaune a ƙarshe, gashinta fari fat, jakarta a kan kujerar da ke kusa da ita.

Na tsayar da keken a gabansu na taka birki.

"Kun san wannan. Yana da magana."

Ya gyara murya. Ya fara da cewa a aikin jarida akwai wata tsohuwar al'ada ta ƙirƙiro mutum don a sauƙaƙa wa mai karatu, kuma manyan marubuta da yawa sun yi haka. Kurmar ta tambayi ta kusa da ita ko sabon fasto ne. Na sunkuya a kunnensa na ce iskar tulun nan ba za ta isa lacca ba.

Ya tsaya. Ya ɗora hannuwansa a kan bargo.

"Misis Tebbutt ba ta taɓa cewa a rufe masana'antarku ba. Ni na ƙirƙiro maganar, a ɗakina, ban tambaye ta ba. Ban taɓa tambayar ta komai ba. Ta zo ta gaya mini abin da ya jawo mata, na yi dariya."

Har masu wanke-wanke sun leƙo. Ni Mavis nake kallo. Wannan fuskar na yi shekaru ina jira na ga ta canza. Ba ta canza ba. Ta ajiye cokalinta, ta goge baki.

"Ai na sani," in ji ta.

Na ce me ta sani.

"Masu ƙera keken doki? Ke, Beryl? Ina kika taɓa yin magana haka? Mako bai zagayo ba na gane ba bakinki ba ne."

Na riƙe hannun keken. Na tambaye ta, to shekarun nan duk na mene ne.

"Masu masana'anta sun tafi ƙasar waje. Shi yana Landan a talabijin. Ke ce muke gani a tashar bas." Ta kalli farantinta. "Daga baya kuma na rasa ta inda zan fara. Ranar jana'izar Cyril na sa baƙaƙen kaya, na zo har kwanar coci."

"Kwanar coci ba coci ba ce."

"Na sani."

Ta ɗauke jakarta daga kujerar ta ajiye a ƙasa. Ba ta ce na zauna ba, ni ma ban zauna ba. Na ce ina da mara lafiya da zan mayar gida. Na saki birki.

Muka kama hanyar komawa har muka iso layinmu. Numfashinsa ya yi nauyi, leɓunansa sun yi shuɗi-shuɗi. Ya ce shi bai san abin ya kai haka ba. Na ce tsakanin ƙofarsa da tawa taku nawa ne. Sai da muka kwantar da shi, Imogen ta tafi kiran ma'aikaciyar jinya, ya kama bakin rigata.

"Da na tambaye ki a lokacin, me za ki ce?"

"Da na ce ka matsa mini hanya, romo na hucewa."

Ya yi dariya har ta koma tari. Ya ce wannan ta fi wadda ya rubuta, ya yi asarar maƙwabciya. Na ɗaga masa matashin kai yadda na saba ɗaga wa Cyril, na ba shi ruwa da cokali. Ba don na yafe ba. Yarinyar ce ba ta iya ba, ta kwantar da shi shimfiɗe kamar kifi.

Juma'a da Asabar na shiga na fita. Abokan aikinsa suka zo daga Landan, tsofaffi masu manyan riguna, suka cika falo da hirar ministocin da suka mutu tuntuni. Ɗayansu, wani dogo mai sanda, da aka ce masa ga ta gidan kusa, sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce ashe ni ce, yana ta karanta ni tun yana saurayi. Na ce masa ya sake ni, bai taɓa karanta ni ba. Mista Welbourn ya yafito shi, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa.

Ranar Lahadi bayan azahar ya cika. Ina bayan gidana ina kwashe shanya na ji Imogen ta buɗe tagar falo. Ta cikin shingen ba a ganin mutum, amma na gane. Na shiga na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa, na cire robar daga hancinsa. Ta tambaye ni me ake yi yanzu. Na ce a kira likita, sannan a ɗora ruwan shayi.

Bayan kwana biyu ta kawo mini jaridarsu. Rabin shafi suka ba shi, da hotonsa yana ɗaga yatsa. Ta ce dogon nan mai sanda ne ya rubuta, tun da daɗewa ma aka rubuta aka ajiye, haka suke yi wa junansu, ana jiran rana kawai. Na zauna na bi da yatsa. Wai ya fara ne a wata ƙaramar jarida yana rubuta farashin tumaki a kasuwar ƙauye. Wai ya hango wata faɗuwar bankuna tun kowa na barci, ya kuma hango wasu biyu da ba su zo ba. Sun lissafa littattafansa. Can ƙasa, kusa da inda aka ce ya bar 'ya ɗaya, akwai layi biyu. Matar Bayan Shinge, wadda masu karatu suka ƙaunata, ƙirƙirarta ya yi. Babu wata mata da ta taɓa faɗin kalma ɗaya daga cikin abin da ya sa a bakinta.

Imogen ta ce wannan layin ba ya cikin na farko. Baba ne ya sa aka ƙara, ranar Asabar, ya ce in ba a saka ba, zai dawo ya rubuta nasu.

Na ce da can sun ce na faɗi abin da ban faɗa ba, yanzu kuma sun ce babu ni. Ta yi kamar za ta yi kuka, sai na ce mata ya isa, ta bar mini jaridar.

A Landan aka binne shi, amma motar gawa ta biyo ta layinmu da safe ta tsaya a ƙofarsa, kamar yadda ake yi. A da, in gawa za ta fita, duk layi kan ja labule. Yanzu ba mai yi, matasan da suka cika gidajen ba su ma san ana yi ba. Na daɗe da rantsuwa cewa ranar tasa labulena a buɗe zai kwana. Na tsaya a taga har mai kula da jana'izar ya fito da baƙar hularsa, yana tafiya a gaban motar a hankali. Na ja ɓari ɗaya. Ɗayan na bar shi.

Da suka sha kwana na buɗe ƙofa zan ɗauko madarar da ake ajiye mini kullum. A kan dakali, kusa da kwalbar, ga tukunyar uwata. An wanke ta tas, amma gindinta ya yi baƙi fiye da yadda na bar shi, an yi ta girki da ita. Hannu ɗaya an ɗaure shi da waya. Na duba titi, can wajen tashar bas wata mai farin gashi na tafiya a hankali, ba ta waiwayo ba.

Na shigo da ita na ɗora a kan murhu. Murfin ba nata ba ne, na wata tukunyar ne, amma ya zauna daidai.